Motsa Jiki a Cikin Al'umma: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tara jama'a su riƙa fita motsa jiki tare ya san tambayoyin ba sa canzawa. Wadda wani ya yi yau, gobe wani zai maimaita ta. Na tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an fara aikin ake cin karo da su. Wanda ke da wata larura ta rashin lafiya, maganar likitansa ce a gaba da tawa.

Me ake nufi da motsa jiki? Dole sai an je gidan atisaye ko an sayi kaya?

A'a. Duk motsin da zai sa tsoka ta yi aiki, numfashi ya ƙaru, motsa jiki ne: tafiya da sauri, hawa bene, tuƙa keke, iyo, tsallen igiya, ƙwallo, shara, aikin lambu. Zuciya ba ruwanta da inda kake. Abin da ta sani kawai an sa ta aiki.

Ana raba shi gida biyu, matsakaici da mai ƙarfi, kuma ba ka buƙatar na'ura kafin ka bambance su. In kana tafiya kana iya hira da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici. In ba ka iya furta kalma uku ko huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi.

Nawa ya kamata babba ya yi a mako?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ko a gauraya su. Minti 150 ɗin nan rabin awa ce sau biyar a mako. Ban da wannan, a ware aƙalla kwana biyu don ƙarfafa tsoka, kamar tsugunnawa da tashi, tura bango da hannuwa, ko ɗaga abu mai nauyi daidai ƙarfi.

A da ana cewa sai motsin ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi. Ƙa'idar 2020 ta cire wannan sharaɗi. Minti biyar na hawa bene da safe, minti bakwai na tafiya da yamma, duk suna shiga lissafi.

Yara da matasa fa?

Nasu ya fi na manya yawa. Daga shekara 5 zuwa 17 ana so a samu kimanin awa ɗaya a kullum, sannan aƙalla kwana uku a mako a haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su gudu, tsalle da hawa. Ƙashin mutum yana tara mafi yawan ƙarfinsa ne tun daga ƙuruciya zuwa ƙarshen samartaka, kuma da wannan ajiyar zai ci gaba da rayuwa har tsufa. Yaron da aka hana guje-guje don kada ya ɓata kaya, an rage masa wani abu da ba a saye daga baya.

Shin matsalar ta kai a damu da ita haka?

Ta kai. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa samun motsa jikin da ya kamata. Adadin ƙaruwa yake yi, domin ya hau da maki biyar daga 2010, alhali burin da ƙasashe suka amince da shi a 2018 shi ne a rage matsalar da kashi 15 cikin 100 kafin 2030.

Na matasa ya fi tayar da hankali. Cikin 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17, kashi 81 cikin 100 ba sa cika awa ɗayan nan a rana. Ba lalaci ne ya sauko wa mutane rana ɗaya ba. Rayuwa ce ta sauya: aiki a zaune, tafiya a mota, hutu a gaban waya ko talabijin.

Wace hujja ce ke nuna cewa motsa jiki yana kare lafiya da gaske?

Bincike na farko da ya yi suna a kan wannan, a cikin motocin bas masu bene na birnin Landan aka yi shi. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya duba lafiyar direbobi da kwandastoci. Mota ɗaya suke ciki, awanninsu ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. Babban bambancin, direba yana zaune kusan wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakalar bene yana karɓar kuɗi. Sakamakon da ya fito a 1953 ya nuna bugun zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisan gaggawa. Da ya juya kan ma'aikatan gidan waya, sai ya tarar da abu ɗaya: masu yawon raba wasiƙu sun fi na zaune a ofis lafiyar zuciya. Abin da ke burge ni a labarin nan shi ne babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Mutane ne da aikinsu ya hana su zama.

Na biyu daga Amurka yake, an wallafa shi a 2002. An ɗauki mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka taimaka musu suka riƙa tafiyar minti 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba wani maganin sauke suga mai suna metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Dalilin a fili yake: tsoka mai aiki tana zuƙe suga daga jini, jijiyoyin jini suna saki, zuciya tana koyon tura jini mai yawa da bugu kaɗan. Daga nan ne sauƙin hawan jini, raguwar haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in sankara, barci mai daɗi da sauƙin damuwa suke fitowa.

Kullum ina cikin aikin gida ko aikin ƙarfi. Bai isa ba?

Yana shiga lissafi, kuma kada wani ya raina shi. Sai dai ka auna shi da gwajin hirar da aka yi bayani a amsa ta farko. Tsayuwar awa uku a wuri ɗaya tana gajiyar da ƙafa amma ba ta sa zuciya aiki. Gajiya daban, motsa jiki daban. Mai aikin ƙarfi na gaske kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne miƙe gaɓoɓi, koyon ɗaga kaya da gwiwa maimakon ƙugu, da isasshen hutu.

Na yi shekaru ban motsa ba. Ta ina zan fara?

Fara da abin da za ka ji kamar ya yi kaɗan. Tafiyar minti goma, kwana uku ko huɗu a mako. Bayan mako ɗaya ko biyu ka ƙara minti biyar. Mintunan farko ka yi su a hankali jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka. Sa takalmin da ba ya matse ka, ka sha ruwa, in garin da zafi ka zaɓi sanyin safiya ko na yamma.

Tsamin jiki zai zo, yawanci kwana ɗaya zuwa uku bayan an fara, musamman a cinya da sha-raɓa. Ba alamar illa ba ce, kuma tafiya a hankali tana rage shi. Ciwon da ke sukar gaɓa ɗaya, ko kumburi, wannan kam a dakata a duba. Albishir ɗin da nake yi wa kowane sabon shiga shi ne, wanda ya tashi daga zaman banza zuwa ɗan motsi shi ya fi kowa cin riba. Ribarsa ta fi ta mai gudun kilomita goma da ya ƙara biyu a kai.

Gaskiya ne sai an yi taku 10,000 a rana?

Wannan adadi daga talla ya samo asali. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna mai ma'anar taku dubu goma, lambar ta zauna a bakin mutane. Wani bincike na 2019 a kan mata tsofaffi sama da 16,000 a Amurka ya gano cewa masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma ribar ta ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500. Mai iya dubu goma ya yi, babu laifi. Amma kada lambar ta sa wanda ke kan dubu uku ya karaya. Ya nemi dubu huɗu tukuna.

Ina da hawan jini ko ciwon suga. Ba haɗari ba ne?

Ga mafi yawan masu waɗannan larurori, zama ne haɗarin. Tafiya a kai a kai tana iya sauke hawan jini da maki kaɗan, tana kuma taimaka wa suga ya daidaita. Amma motsa jiki abokin magani ne, ba magajinsa ba. Kada wanda ya ajiye ƙwayoyinsa don ya fara tattaki. Ka faɗa wa likitanka kafin ka fara, musamman in kana da ciwon zuciya ko jininka bai daidaita ba tukuna.

Mai hawan jini ya guji riƙe numfashi yayin ɗaga abu mai nauyi. Mai allurar insulin ko maganin da ke sauke suga ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan tafiya, domin ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne.

Akwai alamomin da kowa a ƙungiya ya kamata ya haddace: ciwo ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, haki da ya wuce kima, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Ba a cewa bari a ƙarasa zagaye.

Tsofaffi da masu juna biyu su ma za su shiga?

Su shiga. Wanda ya kai 65 mintunansa ɗaya da na sauran manya, da ƙarin atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don kare shi daga faɗuwa. Misali, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da bayan kujera, ko ya tashi daga kujera ya zauna sau goma ba tare da dafa gwiwa ba. Na ga dattijon da makon farko sai da hannu biyu yake tashi, yana cije leɓe. Bayan wata biyu yana tashi yana ci gaba da labarin da yake bayarwa, bai ma lura ba.

Mai juna biyu da ba ta da matsala ana so ta samu minti 150 na matsakaicin motsi a mako. Ta guji wasan da ake karo ko faɗuwa da kuma tsananin zafi, ta kuma yi shawara da ungozoma ko likitar da ke duba ta.

Me ya sa mutane ke farawa da zafi, bayan mako biyu a neme su a rasa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai son jama'arsa su motsa. Kusan kowa ya san motsa jiki yana da amfani. Ƙarin wa'azi ba ya fitar da mutum daga shimfiɗa da asuba. Abin da ke fitar da shi shi ne sanin cewa wani yana tsaye yana jiransa, kuma in bai zo ba za a tambaya.

Akwai kura-kurai uku da nake gani suna maimaituwa. Na farko, a fara da abu mai wuya, ranar farko a yi gudu har a galabaita, washegari rabin mutane ba sa iya sauka daga gado. Na biyu, lokaci ya riƙa canzawa, yau da safe, jibi da yamma, har mutane su gaji da tambaya. Na uku, kuma shi ya fi ciwo, masu ƙarfi su yi gaba su bar mai rauni a baya shi kaɗai. Mutumin nan da ya daure ya fito da kunyarsa, ya ga ƙeyar kowa tana nisa, ba zai dawo ba. Kuma shi ne wanda aka fi buƙata ya zo.

A kuma yi haƙuri da lokaci. Wani bincike da aka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon hali yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye da haka nesa. Ya kuma nuna fashin kwana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya yi fashi a tarbe shi da fara'a, ba da tuhuma ba.

To yaya ake kafa ƙungiyar da za ta ɗore?

Mutum uku zuwa biyar sun isa farawa. A tsayar da wuri ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a riƙe su ko mutum biyu ne suka zo. Kada a sa kuɗin shiga ko kayan dole. A naɗa wanda zai riƙa tafiya a can baya da gangan, ta yadda babu wanda zai taɓa zama na ƙarshe. A kuma rarraba ɗawainiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tana mutuwa ranar da ya yi tafiya.

Shirin parkrun haka ya soma. A 2004 masu gudu 13 suka haɗu a wani lambun shaƙatawa a Landan. Yau ana yin sa a ƙasashe da dama, kilomita 5 kowace Asabar da safe, kyauta, 'yan sa-kai ke gudanarwa, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. Su ma suna da wanda aikinsa kawai ya zo a ƙarshe.

Mata da 'yan mata sun fi ƙarancin fitowa. Me za a yi?

Alƙaluma sun tabbatar da haka. A manya, kashi 34 cikin 100 na mata ba sa samun isasshen motsi, maza kuwa 29. A matasa, 'yan mata 85, samari 78. Kafin a tsara musu komai, a tambaye su abin da ke hana su. Amsoshin sukan kasance rashin lokaci saboda reno da aikin gida, rashin tsaro a hanya, da idon mutane. Maganin yana bin amsar: rukunin mata zalla da mace ke jagoranta, wuri mai sirri, lokacin da ya dace da su, da damar zuwa da yara. Kowa ta sa kayan da ta saki jiki da su. Filin da samari suka mamaye kullum, a ware wa 'yan mata ranarsu da lokacinsu, a kuma tsaya a kai.

Matashi ya manne wa waya. Faɗa zan yi masa?

Faɗa yana kawo fushi, ba ya kawo zufa. Matashi ba ya fita don tsoron ciwon da zai zo bayan shekara talatin. Yana fita don abokai, don daɗi, don ya nuna ya iya. A ba shi zaɓi, domin ba kowa ne ke son ƙwallon ƙafa ba. Wani keke, wani iyo, wata tsallen igiya, wani ɗaga ƙarfe. A bar wuri ga wanda bai ƙware ba, kada komai ya zama gasar da gwanaye kaɗai ke bugawa sauran suna kallo.

Abu mafi ƙarfi da na gani shi ne ba matasa ragama. Wanda aka ce shi ne zai riƙa jagorantar ɗumama jiki ko rubuta sunayen masu zuwa, shi ke fara isowa. Iyaye kuma su duba kansu: uban da ke kwance da waya a hannu yana cewa yaro ya tashi, yaron ya riga ya ga amsa.

Wace rawa makaranta za ta taka?

Babba, tunda a nan yara ke wuni. A kiyaye lokacin wasanni da na tara, kada a riƙa cinye su da ƙarin darasi. Kada kuma a mayar da gudu ko tsallen kwaɗo horo, domin yaron da aka hukunta da motsa jiki zai girma yana ƙinsa. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Scotland, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibai minti 15 kullum su yi gudu ko sassarfa cikin kayan makarantarsu, ba gasa, ba kayan aiki. Dubban makarantu a ƙasashe daban-daban sun kwaikwayi tsarin.

Ba mu da fili, hanyoyi kuma ba su da tsaro. Ina mafita?

A fara da abin da ke akwai: harabar makaranta bayan an tashi, filin wata ma'aikata a ranar hutu, matakalar bene, ko tsakar gida. Atisayen ƙarfafa tsoka da aka ambata a amsar manya bai fi wurin shimfiɗa tabarma yake ci ba.

Sauran kuma aikin hukuma ne, kuma jama'a suna da haƙƙin nema: hanyar masu tafiya a ƙasa, fitilu, wurin tsallaka titi, da kare filayen wasa daga gine-gine. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wasu tituna ga motoci, yanzu kowace Lahadi ana barin sama da kilomita 100 ga masu keke da masu tafiya. Kigali ta Ruwanda ta soma irin wannan rana a 2016. Ba sabon gini aka yi ba, titin da ke nan aka ara wa mutane na 'yan awanni. Ƙungiyar da ta je wa hukuma da sunayen mutum hamsin masu fitowa duk mako ta fi mai takardar koke kawai samun kunnen sauraro.

Wata uku ina yi, ƙibata ba ta ragu ba. Ɓata lokaci nake?

Ba ka ɓata ba. Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa sai an haɗa da gyara cin abinci. Amma jini, suga, barci da ƙarfin zuciya suna gyaruwa ko sikeli bai motsa ba. Gwada wani ma'aunin: benen da ke sa ka haki a da, yanzu fa? Kwandastocin bas ɗin Landan can ma ba don rama suka tsira ba.

Ta yaya za mu gane shirinmu yana aiki?

Kada a auna da cikar ranar buɗewa. Ranar nan kowa yana zuwa. A sami littafi a riƙa rubuta sunayen masu halarta, bayan wata uku a duba abu uku: mutum nawa ne cikin na farko suke nan, nawa ne cikinsu da ba sa motsa jiki kafin a fara, kuma akwai mata, tsofaffi da matasa ko kuwa masu ƙarfin da ma ne kaɗai suka rage.

Wanda sunansa ya ɓace mako biyu a jere, wani ya kira shi ko ya leƙa shi. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, takalmi ya yage, gwiwa ta yi ciwo, lokacin aiki ya canza, ko wata magana da aka yi masa cikin raha ta tsaya masa a rai. A rubuta dalilin a gefen sunansa. In dalili ɗaya ya bayyana sau uku, shi za a fara gyarawa a mako mai zuwa.